Daga Gurbin Dara Zuwa Taswirar Kwamfuta: Wa Zai Zana Ƙasar Daura?

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa ratsa Sandamu da rani, bayan an idar da sallar La'asar, da wuya ya rasa ganin dattawa biyu a gindin bishiya sun tona gurabe a ƙasa suna dara, 'yan kallo sun yi musu zobe, kowa bakinsa na ƙaiƙayi amma ba halin sa baki. Gurabe talatin ne, layi biyar, kowane layi da gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya riƙi tsakuwa, wancan ya riƙi guntayen kara. Da farko akan zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda daga na abokin karawarsa. Gwanin dara tun wajen zubi yake cin wasansa, domin a nan ne yake tare wa abokinsa hanya, ya kuma buɗa wa kansa inda zai riƙa kai da komowa.

Jikokin waɗannan dattawa, musamman waɗanda Allah ya nufa da shiga jami'a, su ma suna da tasu darar, sai dai tasu a kan kwamfuta ake yin ta. Wasanni ne na dabarun mulki da yaƙi, filinsu kuwa shi ne taswirar duniya kamar yadda aka ce take a zamanin da. Ɗan wasa yakan zaɓi wata masarauta ya zama shi ne sarkinta, ya aza haraji, ya ƙulla aure da maƙwabta, ya gina ganuwa, ya kai yaƙi ko a kawo masa. Mutum yakan shafe makonni a kan wasa guda bai gama ba.

Dalilin da ya sa wannan al'amari ya cancanci shiga mujallar Sashen Hausa shi ne, a cikin waɗannan taswirori akwai ƙasar Hausa, akwai kuma Daura da sunanta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne bai kamata malamai da ɗalibai su ɗauki abin a matsayin shiririta ba. Ga matasa da dama, wannan ita ce taswirar tarihin ƙasarsu ta farko da suka taɓa gani, kuma baƙi ne suka zana ta da ɗan abin da suka tsinta a littattafan Turanci. Muddin masu ƙasa ba su zana tasu ba, to, ta baƙin ce za ta zauna a zukatan 'ya'yansu.

DAURAMA A HANNUN 'YAN WASA

A shekarar 2020 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan da ake kira Crusader Kings III. Ana iya fara shi daga shekarar 867 Miladiyya, kuma cikin 'yan tsirarun masu mulki da kamfanin ya tsamo ya sa a gaba domin 'yan wasa su zaɓa, akwai Daurama ta Daura, tare da mijinta Bayajida. An ba ta addinin Bori, an kuma tanadi lambar yabo ga duk wanda ya fara wasa da ita har zuriyarta ta gyara addinin gargajiya ta shimfiɗa shi a dukkan yankin Afirka da ke cikin taswirar. A wani wasan na wannan kamfani, watau Europa Universalis IV, wanda ya fito a 2013 kuma labarinsa yake farawa daga 1444, ana samun Kano da Katsina da Zazzau a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu. Har ila yau, a 2021 an ƙara Hausawa cikin al'ummomin wasan Age of Empires III, aka sa Sarauniya Amina ta zama jagorarsu. Ke nan a yau ana iya samun saurayi a Burazil ko Koriya wanda bai taɓa jin sunan Hausa a makaranta ba, amma ya san Daurama.

Babu shakka wannan abin farin ciki ne ta wata fuskar. Amma ɗalibin da ya yi nazarin adabin baka ya san labarin ya fi haka rassa. Jerin masu mulkin Daura da aka fi sani ya kawo mata goma sha bakwai masu sarautar Magajiya, tun daga Kufuru. Daurama ita ce ta tara, kuma ita aka ce ta taso daga Tsohon Birni ta kafa Daurar da ake ciki yanzu. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce ita Bayajida ya aura bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu. To, amma bisa wancan jeri akwai mata takwas da suka yi mulki bayanta, har zuwa kan Shawata, wadda wasu suka ce ita ce ta ga zuwan baƙon. Masana ma sun daɗe suna ja-in-ja a kan labarin baki ɗayansa. W. K. R. Hallam ya yi nazarinsa a 1966, sa'an nan a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kawo hujjar cewa masarautun Hausa sun girma ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, ba sai an jira wani jarumi daga Bagadaza ba. Hatta shekarar 999, wadda ake cewa a cikinta Bagauda jikan Bayajida ya hau mulkin Kano, lissafin H. R. Palmer ne, wanda ya ƙirga shekarun sarautar sarakuna da baya-baya sa'ad da ya fassara Tarihin Kano a 1908. Ita kuwa 867 ba daga Daura ta fito ba. Shekara ce da ta dace da zamanin da mayaƙan teku na arewacin Turai suka afka wa Ingila, sai aka ɗora Daurama a kanta domin wasan na bukatar kowa ya tashi a rana ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Bahaushe yana da wata 'yar kalma mai amfani ƙwarai, watau "wai". Idan dattijo ya ce wai Bayajida ya zo daga gabas, ya isar da labari, ya kuma tsame hannunsa. Kwamfuta kuwa ba ta san "wai" ba. Dole ta zaɓi suna ɗaya da shekara ɗaya da iyaka ɗaya. Saboda haka abin da ke ruwaya a bakin tsofaffi, da zarar ya hau allon kwamfuta sai ya ɗauki kamannin tabbas, yaro kuma ya haddace shi a haka.

ABIN DA LAUNI KE ƁOYEWA

Taswirar wasa takan shafe kowace ƙasa da launi guda, launin wannan ya tsaya daidai inda na waccan ya fara. Sarautar Hausa ta dā ba haka take ba. Sarki jama'a yake mulka, ƙarfinsa kuma yana raguwa ne gwargwadon nisa daga birni, har ya ɓace a cikin dajin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Masu sarauta a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashin kowannensu a warwatse suke, jakadu ne ke kai da kawowa. Sai da Turawa suka zo ne aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi masu iyaka, aka kuma tura hakimai su zauna a cikinsu.

Ƙasar Daura a ƙarni na 19 ita ce misali mafi kyau. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ishaku ya karɓi birnin Daura, Sarki Abdu, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fita. Zuriyar tsohon gidan sarauta ba ta watse ba. Wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, kowannensu yana ganin shi ne mai haƙƙin sarautar Daura. Aka wayi gari akwai Daura uku a cikin tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Ta Fulani tana bin Sakkwato. Zango da Ɓaure suka shiga inuwar Damagaram, ita kuma Damagaram tana kai gaisuwa Borno. Ta kudu kuma, tun daga 1819 Ɗantunku ya yi wa Kano tawaye, abin da ya haifar da masarautar Kazaure, wadda aka yanko ƙasarta daga Kano da Katsina da Daura. M. G. Smith ya yi wa waɗannan gwamnatoci uku littafi guda, The Affairs of Daura, wanda aka buga a 1978.

Sandamu, wadda ke kudu maso gabas da birnin Daura ta fuskar Kazaure, tana cikin wannan matsatsin fili ne: ga birni a kusa, ga Zango ta gabas, ga Kazaure ta kudu. Tambayar da ya kamata mai zanen taswira ya yi wa kansa ita ce, da wane launi zai shafe gonar manomin wannan yanki a shekarar 1860? Amsar tana rataye ne da wanda mutanen ƙauyensa suke kai wa gaisuwa a wannan shekara, da wanda suke gudu wurinsa in an kawo hari, kuma ba lalle ba ne su zama mutum ɗaya.

Bayan haka sai ga Turawa da nasu alƙalamin. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali ba su san ƙasar da layin ya ratsa ba. Suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, kana tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Wannan iyaka ce ake tsallakawa a Kwangwalam, arewa da Mai'adua, in za a shiga ƙasar Damagaram. A cikin shekarun farko na mulkinsu Ingilishi suka maido da tsohon gidan sarauta, suka naɗa Malam Musa na Zango Sarkin Daura, aka haɗe sassan uku. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Daura ta zauna a Lardin Kano, ta koma Lardin Katsina a 1934, ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka sake wa jihar suna ta zama Kaduna a 1976, sa'an nan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Manomin Sandamu bai gusa daga gonar kakansa ba, amma taswira ta sauya masa launi sau da yawa.

Kada a zaci mutanen ƙasa ba su da nasu salon zana ƙasa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kyaftin Clapperton taswira a Sakkwato, wadda aka buga a Landan a 1826. Koguna da hanyoyi da garuruwa ne suka cika ta. Haka nan fatake da alhazai suka riƙe duniya a ka: daga zango kaza zuwa zango kaza kwana nawa ne, ina ruwa, ina 'yan fashi, wa ake biya fito. Wannan ita ce taswirar da ta dace da tarihin Hausa, kuma ita ce babu a cikin wasannin.

DARASI DAGA ƘASAR FOLAN

Ɗan wasan da ya ja taswirar kwamfuta zuwa arewa, ya tsallake Sahara da Bahar Rum har ya kai gabashin Turai, zai ga wani bambanci. Yankin ƙasar Folan cike yake maƙil da sunayen garuruwa da gidajen sarauta, alhali ƙasar Hausa 'yan sunaye ne jefi-jefi. Wani zai ce ai su tun asali tarihinsu a rubuce yake. Wannan magana tana da gyara, domin mafarin tarihin Folan ya yi kama da na Daura har abin ya ba da mamaki.

Su ma suna da labarin wani dodo da ya zauna a kogo ƙarƙashin dutsen birnin Karakau, yana cinye wa mutane dabbobi, har aka halaka shi a zamanin wani sarki mai suna Kirak, daga baya 'yarsa Wanda ta yi sarauta. Wani malamin coci mai suna Kadlubek ne ya rubuta labarin a farkon ƙarni na 13. Suna kuma da labarin 'yan'uwa uku, Leh da Ceh da Rus, waɗanda aka ce sun rabu kowanne ya kafa al'umma, kamar dai yadda aka ce jikokin Bayajida sun yi. Sarkinsu na farko da tarihi ya tabbatar shi ne Miyeshko na Ɗaya, wanda ya karɓi addinin Kirista a 966. Ɗaya daga cikin bayanai mafi tsufa a kansa da Larabci yake. Wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim bin Yakubu, shi ya rubuta, al-Bakri kuma ya adana shi a littafinsa, watau al-Bakrin nan da ya ba da labarin daular Gana a 1068. A 1138 Sarki Boleslau ya rasu ya bar wasiyyar raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa, ta kuwa dare gida-gida, ba ta sake haɗuwa a ƙarƙashin kambi ɗaya ba sai a 1320.

Babbar jarrabawar ta zo daga baya. A 1772 da 1793 da 1795 Rasha da Furusha da Ostiriya suka yanyanka ƙasar suka raba a tsakaninsu, sunanta ya ɓace daga taswirar Turai har tsawon shekara 123, sai a 1918 ya dawo. Abin lura shi ne abin da masanansu suka yi a wannan tsakani. Masanin tarihi Yowakim Lelewel, wanda ya yi zaman gudun hijira a birnin Burasal, ya duƙufa kan nazarin taswirorin zamanin da, har da na Larabawa irin su al-Idrisi. Tsakanin 1880 da 1902 kuma, a birnin Warso da ke hannun Rasha, aka buga ƙamus na sunayen wurare mai juzu'i 15, wanda ya bi garuruwa da ƙauyuka da koguna ɗaya bayan ɗaya. Mutanen karkara masu ilmi, irin su limaman coci da malaman makaranta, su ne suka riƙa aiko da bayanan garuruwansu. Ƙasar da babu ita a taswira ta zauna ta rubuta sunan kowane ƙauyenta. Jikokinsu suka ɗora a kai. A 2021 Cibiyar Tarihi ta Hukumar Kimiyya ta Folan ta kammala jerin taswirorin ƙasar kamar yadda take a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, aikin da aka gina a kan tsofaffin takardun haraji, aka kuma shafe shekaru da dama ana yi.

Saboda haka in mai ƙera wasa ya zauna zai zana Folan, yakan tarar da rumbu cike. In ya yi kuskure, ɗan wasa daga can yana da littafin da zai buɗe ya kafa masa hujja. In ya zo kan Daura kuwa, sai ya tarar da 'yan littattafan Turanci da labarin maciji. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Akwai masu ganin duk wannan magana ɓata tawada ce, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko sukan ce wasa wasa ne, ɗalibin da ya kwana yana cin ƙasashe a kwamfuta ya wayi gari ya makara lacca, shi ne wanda dara ta ci gida. Wannan gaskiya ce, kuma tun kafin zuwan kwamfuta malamai ke yin gargaɗi game da darar da ke sa a jinkirta salla ko a shiga caca. Amma maganin wannan shi ne a san iyaka. Dattawan Sandamu ba su bar dara ba, sai dai da kiran salla suke tashi, da faɗuwar damina kuma gurabe kan cike da ƙasa.

Na biyu sukan ce waɗannan wasanni suna koya wa yaro cewa tarihi cin ƙasa ne kawai. Wannan suka ta fi ta farko nauyi. Ruwayar Hausa Bakwai kanta ta raba ayyuka: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Daura ba ta taɓa yin faɗin Kano ko Katsina ba, amma duk da haka ana girmama ta a matsayin tushe. Wasan da ke auna daraja da yawan ƙasar da aka ci ba shi da ma'aunin irin wannan girma. Haka kuma burin da aka ɗora wa Daurama na shimfiɗa Bori a Afirka ƙagen masu wasa ne, ba shi da nasaba da abin da ya faru. Sai dai kuma dole a yi wa wasan adalci. Ɗalibin da aka ci shi da yaƙi saboda ƙarancin dawaki, ko baitulmalinsa ya bushe saboda ayari ya sauya hanya, ya fara yin tambayoyin da masanin tarihi ke yi. Zai so ya san me ya sa Kano ta bunƙasa, ina ake samun tama, ta ina gishiri da kanwa ke shigowa. Ya kamata a tuna cewa tun daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka janye darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Yawancin ɗaliban da ke jami'a a wannan zamani a cikin wannan giɓi suka tashi. Duk abin da ya tayar musu da ƙishin tarihi bai kamata a kore shi da sanda ba.

Na uku sukan ce mutum nawa ne a Sandamu ke da kwamfutar da za ta ɗauki irin wannan wasa, balle wutar da za a kunna ta? Kaɗan ne, babu musu. Amma taswira ba ta tsayawa inda aka zana ta. Akan ɗauki hotonta a watsa a Facebook da WhatsApp ba tare da an faɗi asalinta ba, har ta kai wayar wanda bai taɓa ganin wasan ba, ya kuma kafa hujja da ita a majalisa.

AIKIN DA KE GABAN SASHEN HAUSA

Ana iya tambaya, me ya haɗa Sashen Hausa da wannan, alhali ga Sashen Tarihi ga na Labarin Ƙasa? Amsar ita ce, kayan aikin da ake bukata sunaye ne da ruwayoyi, kuma da Hausa suke. A dubi wasu daga cikin garuruwan ƙasar Sandamu: Fago, Karkarku, Katsayal, Kwasarawa, Daneji, Rijiyar Tsamiya. Na ƙarshen ya faɗi kansa, domin ya nuna ruwa ya kuma nuna bishiyar da aka yi alama da ita, watau abubuwa biyu da matafiyi ke nema. Daneji yana tuna wa mai nazari Fulani Danejawa, da kalmar Fulatanci mai nufin fararen shanu. Ɗafa-ƙeyar "-awa" da ke Kwasarawa kuwa, ɗalibin ginin kalma ya san yawanci jama'a take nunawa, watau mutanen wani ko mutanen wani wuri, sai a bincika su wane ne, daga ina kuma suka taso. Wanda bai iya rarrabe karin sauti da tsawon wasali ba, bai kuma san kirari da zambo ba, zai wuce waɗannan alamu bai gan su ba.

Shawarar ita ce, sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su mai da wannan ya zama fagen kundin digiri na farko. Kowace shekara ana rubuta kundaye masu yawa a kan batutuwan da aka riga aka tatse. Da za a ba kowane ɗalibi ƙauyuka biyu ko uku, da an ga amfanin abin. Ya rubuta sunan wurin kamar yadda mutanensa ke furta shi, da karin sauti. Ya tattara duk ruwayoyin da ake bayarwa game da ma'anar sunan da wanda ya sari garin, ko da sun saɓa wa juna, ya kuma rubuta daga bakin wa ya ji kowacce. Ya tambayi inda kufai suke, da tsofaffin rijiyoyi, da burtali, da matattarar kasuwa da ranar cinta, da kuma wanda ake kai wa gaisuwa kafin zuwan Turawa. Wayar da ke aljihunsa ta isa ta nuna masa daidai inda kowane wuri yake a doron ƙasa. Daga nan sai a gwada abin da ya samo da rahotannin kimanta haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomi, waɗanda ke ajiye a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da kuma takardun da ke Arewa House.

In an gama da Sandamu, sai a shiga sauran ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, watau Daura da Zango da Ɓaure da Mai'adua, a kuma nemi haɗin kan 'yan'uwa na Jami'ar Damagaram domin garuruwan da iyaka ta raba. Daga wannan rumbu za a iya fitar da taswira uku: ƙasar Daura kafin 1805, zamanin Daura uku, da kuma bayan kafa iyaka a 1908. Wajibi ne taswirar ta koyi faɗin "wai". Abin da aka tabbatar a ja shi da cikakken layi, abin da ruwaya ce kawai a ja shi da ɗigo-ɗigo, inda iko biyu suka haɗu kuma a bar launuka biyu su cuɗanya. A buga aikin da Hausa, a sa shi a intanet inda kowa zai iya ɗauka, har da masu ƙera wasanni.

Ba a nan kaɗai amfanin zai tsaya ba. Da irin wannan taswira ana iya ƙera wasan allo na kwali domin 'yan firamare, wanda ba ya bukatar wuta. Kowane yaro ya zama madugu, ya ɗauki ayari daga Daura zuwa Kano ko Damagaram, zango bayan zango, yana lissafin ruwa da guzuri da kuɗin fito. Yaron da ya tashi yana kallon dara ba sai an koya masa tare hanya da hangen gaba ba. Abin da zai ƙaru da shi shi ne sunayen garuruwan ƙasarsa, da sanin cewa kasuwa da rijiya sun gina ƙasar nan kamar yadda takobi ya yi.

KAMMALAWA

Wannan aiki ba ya jira. Duk wanda aka haifa a zamanin Sarki Abdurrahman ya kai shekara sittin ko yana gab da ita. Waɗanda suka ji labarin hare-haren Damagaram daga bakin waɗanda suka gani da ido kuwa 'yan kaɗan ne suka rage, kuma kowace shekara suna raguwa. Garma tana bi ta kan kufai, gonaki suna cinye burtali, allunan bakin hanya suna rubuta sunayen garuruwa ba ƙugiya ba lanƙwasa, har yara su koma furta su yadda aka rubuta. Mutanen Folan sun yi nasu ƙamus ɗin suna ƙarƙashin mulkin wasu, ba su da gwamnati tasu. Ɗaliban Hausa kuwa suna da jami'o'i da malamai da waya a aljihu, ga kuma motar Daura tana tashi kullum.

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kamfanonin Turai za su ci gaba da fitar da sababbin wasanni, kuma kowane sabo zai sake zana ƙasar Hausa da abin da ya tarar a rubuce. Har yanzu ana wajen zubi ne. Ya rage ga Sashen Hausa ya sa batun cikin jerin batutuwan kundi na shekara mai zuwa, ya kuma tura ɗalibai biyu ko uku Sandamu da rani, su zauna a gefen masu dara har a tashi wasa, sa'an nan su gaida dattawa su fara tambaya.